Tudun Hannun Dama

Darlene Ostrowski fenti ne sana'arta. Duk layin da ka gani a wuraren ajiye motoci na kudancin birnin Toledo, da wuya in ba ita ta ja shi ba. Shekara ashirin tana tura keken fenti, ga ido kamar ma'auni: in layi ya karkace da faɗin yatsa, abinci ba ya shiga sai ta gyara. Ba miji, ba ɗa, sai wata tsohuwar kyanwa mai baƙin hali. Amma da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe kwalta, aiki ya tsaya, sai ta baje takarda mai gidan dara a teburin kicin ta kama abin da ke ranta, wato zanen fage.

Akwai wani gem na faɗa na kwamfuta da masu sha'awa suka haɗa da kansu, kowa na iya aika zanen fagen da 'yan wasa za su gwabza a kai. Wanda ya yi kyau a gina shi, a sa a gasa. Shekara goma sha ɗaya Darlene tana aikawa, ko ɗaya bai taɓa shiga ba, kuma abin yana cin ta, ko da yake ba ta faɗa. Duk fagagenta daga wuri guda take ɗebo su: wani tsohon gem na 'yar na'urar hannu, irin mai koren gilashi da batir huɗu, inda wani kwaɗo mai jakar wasiƙu yake tsalle daga bututu zuwa bututu. Ta san duniyar kwaɗon nan kamar yunwar cikinta.

Mai shirya gasar, Terrell Boykin, direban motar makaranta ne, bakinsa ba linzami. Duk Asabar yana tara jama'a a ɗakin bayan wani shagon fiza. Nan ta kai masa zanen bana. Ya daɗe yana dubawa yana kaɗa kai.

"Anti Darlene, wannan karon kin gama da mu. Dubi bututu, dubi gajimare! Matsala ɗaya ce, wannan ƙaton tudun na hannun dama."

"Me ya tsare maka?"

"Wanda ya fara daga dama ya samu majingina, na hagu kuwa ko oho. Ke da kike raba wa motoci wuri daidai wa daida, a kan mutane za ki yi son kai? Duk shekara shi yake kayar da ke, kunyarki ake ji ba a faɗa miki ba. Cire shi, in sa fagen a gasar Maris."

"A cikin gem ɗin yake. Ni ban ƙara komai ba."

"Babu shi."

"Kai yaro, tun kana zanin goyo nake kallon gem ɗin nan. Kowane mataki akwai baƙin tudu a dama."

Terrell bai ja da ita ba. Mutum ne mai tara tsofaffin na'urori, sai ya buɗe jakarsa ya zaro irin waccan, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, ya lalubo kaset ɗin kwaɗon ya soka. "Gani ya kori ji. Ungo, nuna mini."

Ta karɓa tana jujjuya ta. Ba ta san ma wane maɓalli ne na tsalle ba. A gidansu na'urar ta yayanta Wendell ce, shi aka saya wa. Kullum bayan makaranta yana zaune a matakalar ƙofar gida, ita kuwa tana durƙushe a bayansa tana leƙe. In ta ce ya ba ta, sai ya ce, "In na mutu ke ce." In ya mutu kuma ya ce wannan ba ta shiga lissafi ba. Haka aka yi shekara uku har na'urar ta lalace.

Terrell ya nuna mata maɓallin. Kwaɗo ya yi tsalle, ya faɗa rami. Ta sake. Ta wuce mataki na ɗaya da ƙyar, ta shiga na biyu, idonta kafe a hannun dama. Fili ne fetal, ga wasu 'yan furanni da tsani da ba ta taɓa gani ba. Tudu kam babu alamarsa. Can wani ɗan wasa ya sunkuyo ta gabanta zai ɗauki fiza, kafaɗarsa ta tare mata gefen gilashin, sai ga baƙin tudun ya bayyana a dama. Ashe kafaɗar Wendell ce, da baƙar rigar sanyin da ba ya rabuwa da ita. Shekara talatin da ɗoriya tana zana abin da ya tare mata gani, har tana yi masa inuwa da ƙananan duwatsu.

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, sannan wani abu mai kama da kewa. Washegari da hantsi ta buga wa Wendell waya a birnin Tucson, inda yake gyaran na'urorin sanyaya ɗaki.

"Yaya, ka tuna gem ɗin kwaɗo?"

"Kai, Auta, ina kika tono wannan? Ai ni ne sarkinsa a layinmu!"

"Ka tuna ina zama a bayanka ina kallo?"

"Ke? Da ma kina son gem ne? Ai da kin yi magana."

Suka yi hirar zafin Tucson da ciwon gwiwarsa, suka yi sallama lafiya lau.

Kwana huɗu takardar tana kan tebur. Ta so ta bar tudun, don ko ba komai shi ne kaɗai nata a zanen, sauran duk na masu gem ne. Amma ta gaji da zaman baya. Ran na biyar ta ɗauki kilinar goge fensir. Da yake da ƙarfi ta danna fensirin, sai da takardar ta kusa hujewa kafin baƙin ya fita. Ta yi kuka tana gogewa, kyanwar na kallonta.

Terrell ya cika alkawari. Ranar gasa ɗakin ya cika maƙil, aka haska fagenta a babban allo, kore shar, aka yi ta ihu. Wasu 'yan mata biyu suka hau, faɗa ya yi zafi, ɗaya ta make ɗaya zuwa hannun dama. Wadda aka make ta yi tsalle, ta sake tsalle, ba abin kamawa, ta zurma ƙasa.

Ta jefar da abin wasan a cinya. "Wane mara imani ne ya zana wannan? Ko ɗan abin jingina babu a wajen!"

Darlene ta ɗaga hannu daga kujerar gaba.

"Ni ce, 'yata. Da akwai, ni na cire shi."