Zaɓen Na'urar Sauti a Ɗakin Kawu na Doguwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina mai shagon kayan sauti, da kwalaye uku a kujerar baya, kowanne an ɗaure shi da bel kamar jariri. Abokin nan nawa ya hana a sa su a but, wai girgiza za ta taɓa su. Jakata kuwa can aka wurga ta, ba wanda ya tausaya mata.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Ina da kawu a Doguwa, yayan mahaifiyata, manomin masara, mutum mai son sauraro tun muna yara, har gona da rediyo yake zuwa. Hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bara waccan, tun daga nan ya yi shiru, ya daina hira, sai zaman ɗaki. Babban ɗansa, wato taubashina, yana aiki a Legas. Ya sa masa sola, ya kafe masa manyan sifiku a saman bango, abin da ya rage shi ne na'urar da ke janyo karatu da labarai da kiɗa daga intanet ta miƙa wa sifikun. 'Yan kasuwa sitirima suke ce mata. Taubashin nawa ya ce mu kwashi masu kyau mu kai, tsohon ya saurara ya zaɓa da kansa, kar mu duba tsada. Ni dai tsorona ɗaya. An taɓa aiko wa Kawu wata babbar waya, ya yi godiya, tana nan a durowa har yau. Idan muka yi kuskure a wannan ma haka za a yi, a rufe ta da kyalle, shi kuma ya ci gaba da zamansa shiru.

Hanyar Zariya da safe ba laifi, in ka cire manyan motoci da ke tafiya kamar titin na gado ne. Daga Kura har Kadawa shinkafa ce ta ko'ina, an fara yanka, an shanya wata a tamfol a bakin kwalta. Muka ratse Bagauda, bakin tafki, muka sha shayi da waina, na ce sai na saya wa matar Kawu bandar kifi. Mai kifin ya dubi motarmu, ya dubi takalmin abokina, ya faɗi kuɗin da sai da na tambaye shi ko har da tafkin zai haɗa mini. Ya yi dariya ya rage, amma ba sosai ba. Kifin dai ya yi, ƙamshinsa ya raka mu har Doguwa, abokina na ta mita wai zai shiga kwalayensa.

A Bebeji muka yada zango na farko, gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin banki, tsohon mai sayen kaya ne a wurin abokina, kuma yana da falon da ya dace da gwaji. Nan aka buɗe kwalayen. Ta farko baƙa ce wuluk, nauyi kamar dutsen niƙa, gabanta sumul, ba maɓalli ko ɗaya, komai da waya ake sarrafa shi. Ita ce mafi tsada, kuɗinta ya isa ƙaramar mota. Ta biyu mai gilashi ce a fuska, tana nuna hoto da rubutu, ka shafa da yatsa ta canza. Ta ukun tsohuwar fitowa ce, da abin murɗawa babba a dama da jerin maɓallai a ƙasa. Abokina ya ce don cika lissafi kawai ya ɗauko ta.

Ka'idar masu wannan harka ita ce a rufe ido a saurara, kada kyan akwati ya ruɗe ka. To, ku zo ku ga manyan mutane uku da hula, ido a rufe, ana gyaɗa kai kamar masu gyangyaɗi a wurin wa'azi. Mai gidan ya sa wani tsohon kiɗan garaya, muka ji shi a kowacce. Gaskiya baƙar ta burge ni. Tsirkiya na kaɗawa kana jin ƙarshenta, kana jin numfashin mai waƙar kafin ya ɗauki baiti, amshi na fitowa daga bayansa kamar suna tsaye a falon. Mai gilashin muryarta tas take, amma da ɗan kaifi, kuma da sabis ya yi ƙasa sai ta tsaya cak tana juya ɗan da'ira. Ta ukun ba ta kai baƙar zurfi ba, ƙasan sautin bai cika kamar na waccan ba, sai dai ba ta yanke ko sau ɗaya ba, ga kuma wurin sa filas idan intanet ya ƙi. Dukkanmu baƙar muka ba hannu. Abokina ya ce ai magana ta ƙare, wanda ba ya gani ya fi kowa kunne, Kawu na jin ta zai riƙe.

Muka fito muka nufi Kwanar Ɗangora, inda motocin Kiru da na Ɗansoshiya ke sauke mutane da buhuna. Rake ne jingine ko'ina, ga masu dafaffiyar gyaɗa na bin tagogi. Na sayi rake na ce a feƙe, abokina ya ce wallahi ba a motar da ke ɗauke da kayansa ba, sai a tsaye na sha shi a bakin hanya kamar mara galihu. Tudun Wada kuwa injinan casar shinkafa ne ke ta ruri, ɓuntu tsibi-tsibi. Mun ci shinkafa da wake da man gyaɗa da yaji a wata rumfa, kwano cike, da araha har na ji kunyar abin da nake biya a Kano. Da muka shiga dajin Falgore iska ta canza, sanyi-sanyi, itatuwa sun rufe sama, birai na tsallaka titi ba sa ko waiwaye. Sabis ya ɗauke ɗif. Muka gaisa da jami'an da ke kan hanya, muka ci gaba, ba jimawa duwatsun Doguwa suka bayyana da gonakin masara an karya an tara.

Mun iske Kawu bayan azahar a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya laluba kaina ya ce na yi ƙiba, ko dai a Kano ba a aiki ne. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Wanda ya aiko mu kuwa ko alamarsa bai yi ba. Hajiya, matarsa, ta karɓi kifi tana ta sa albarka, ta kawo tuwon masara miyar kuɓewa.

A nan lissafinmu ya fara kwancewa. Muka haɗa mai gilashin, Kawu ya saurara ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Muka haɗa ta ukun, ya ce, "Madalla." Muka haɗa baƙar, abokina har da gyara tsayuwa, Kawu ya ce, "Madalla, an gode." Na ce, "Kawu, wacce ta fi yi maka?" Ya ce, "Duk wadda kuka bari ta yi." Kai! Na fita tsakar gida raina a jagule. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai ma dai da neman magana. Ɗan fari ne fa ya aiko. Mutumin da ko sunansa ba ya faɗa, shi ne zai zauna yana zaɓe a kayansa?" Sai a lokacin na tuna. Kunyar ɗan fari ce, kuma Kawu na cikin masu riƙe ta da gaske. Ko shekara za mu yi muna canza wayoyi, madalla ɗin nan za mu yi ta ji.

Muka yanke a bar baƙar kawai. Abokina ya sa garayar nan ta Bebeji, ya ɗaga murya yadda ɗakin ya cika, ya sa wayar a aljihu ya fita zagayawa. Ina daga bakin ƙofa ina kallon Kawu, ƙafarsa na ɗan motsi, na ji daɗi har cikin raina. Sai ladan ya ɗaga kiran la'asar a masallacin da ke jikin katanga.

Kawu bai taɓa barin kiɗa na tashi ana kiran salla ba, kowa a gidan ya san haka. Ya miƙa hannu ya sami akwatin, ya shafa gabansa, ya shafa sama, ya bi gefe da gefe. Ba abin dannawa. Sifikun na can sama, hannu ba ya kai wa. Garaya na ta zuba a kan muryar ladan, shi kuma yatsunsa na ta kai-komo a jikin ƙarfe mai santsi, fuskarsa ta canza. Ya ce a hankali, "Wa ke kusa? A zo a kashe mini." Mutumin da ya noma abin da ya ciyar da mu duka, yau yana roƙon a kashe masa kiɗa a cikin ɗakinsa. Na faɗa ciki na fizge wayar wutar daga bango.

Bayan mun dawo daga masallaci ban yi shawara da kowa ba, na ɗauko ta ukun na mayar. Na kama hannun Kawu na ɗora a kan abin murɗawar, na ce dama ƙari, hagu ragi, in ka danna shi ya yi shiru. Na bi da yatsansa kan maɓallan: na farko karatu, na biyu labarai, na uku garaya. Abokina ya buɗe baki zai yi maganar zurfin sauti, na harare shi, ya haɗiye, ya durƙusa ya saita maɓallan da kansa. Kawu ya danna, ya murɗa, ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa. Can ya kunna garayar ya bar ta tana tashi. Da ladan ya kira magariba, kafin ya kai ƙarshen kabbarar farko ɗakin ya yi tsit, kuma ba wanda ya tashi daga inda yake.

Washegari da safe muna mayar da kaya kwali, abokina ya matsa kusa don ya gyara wata waya a bayan ta ukun. Kawu ya ji motsi, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin ya danne. Ya ce, "Wannan ku bar ta nan." Sannan ya ƙara, "In kun yi waya da wancan na Legas ɗin, a ce masa ta iso." Hajiya ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

A dawowa Hajiya ta cika mana but da masara da dankali, jakata ta koma cinyata. Muna fita daga Falgore sabis ya dawo, kiran taubashina ya shigo. Da ya ji mafi arha muka bari ya ce dama ya san ni, rowa ce ta motsa ko da kuɗin wani. Na bar shi ya gama, na ba shi labarin la'asar, na faɗa masa saƙon Kawu. Sai kawai ya ce zai kira anjima.

Mun shigo Kano da yamma lafiya lau, gajiya ce kawai da ƙurar masara a kaya. In kuna tambayata wacce ta fi sauti, har gobe baƙar ce, ba na musu, kuma mai gani da waya a hannu zai more ta. Amma abin da tafiyar nan ta koya mini, mun rufe ido a Bebeji mun auna yadda kowacce ke kunnuwa, ba wanda ya gwada kashe ta ido a rufe. Duk wanda zai saya wa tsohonsa irin wannan kaya, ya fara ɗora hannun tsohon a kai tukuna.