Igiyar Kawu Arzika

Ina cikin aji a lakwal ta Dogon Dutsi wani mai jaki daga Kiyeshe ya tsaya bakin taga, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ya ce, "Mushe, kawunka Arzika ya cika jiya, har an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata bakwai ya yi kwance ƙirji na cinsa. Na yi kuka, amma na gode wa Allah da Ya hutar da shi.

Maginin rijiya ne, mai ƙarancin magana. Idan ya yi nisa cikin ƙasa yakan tarar da bawon katantanwa ya zama dutse, sai ya ƙulle shi a tsumma, ya sa in rubuta gaba nawa ya sauka, wato awon tsawon hannuwansa biyu a buɗe. Mutane suna cewa doguwa, aljanar rijiya, ta taɓa shi. Shi kuwa yakan ce, "Abun ruwa ba ya zuwa inda babu ruwa."

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, wani mai binciken ƙasa ya karɓi ƙunsunan. Ya ce teku ce ta taɓa kwanciya a nan, kuma in an niƙa bawon an auna sinadarinsa, za a san ɗumi ko sanyin ruwan wancan zamani. Daga baya ya aiko mini da takarda yana tambaya: gabar Arzika metir nawa ce? In ba a san zurfin ba, aikin ya tashi banza. Ni da ake kira mai ilimi na ajiye takardar wata biyu, ina cewa sai hutu. Ga shi hannuwan da zan auna sun shiga ƙasa.

Da na je Kiyeshe, bayan gaisuwa na gaya wa matarsa, Inna Kulu, zancen takardar, kaina a sunkuye. Ta shiga ɗaki ta jawo tsohuwar igiyarsa, ƙulli bayan ƙulli.

"Kowane ƙulli gaba tai guda ce," in ji ta. "Ya ce in ka taho in ba ka. Ya ce ɗan lakwal shina makara, amma shina zuwa."

Na auna tsakanin ƙulli da ƙulli, duka daidai. A ranar na rubuta amsa, sannan na iya cin tuwo.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya shayar da garuruwa. Allah Ya ba Inna Kulu da 'ya'yansa haƙuri, Ya sa mu cika da imani.