Taguwoyin Shuni na 'Yan Ƙwallon Gure

Shekara bakwai na yi ina ɗinkin riga a zauren kawuna a Gure, ban taɓa ɗora alƙalami a kan yadin mutum ba. Haka sana'ar take a wurinmu, mutum biyu ne suke yin babbar riga. Akwai mai zane, wanda zai shimfiɗa yadi a cinya, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fitar da aska da tambari da sauran ado. Akwai kuma mai allura, wanda zai bi sawun tawadar da zare wata biyu ko uku bai ɗaga kai ba. In riga ta fita ta yi kyau, sai a ce zanen Malam ne. Ba mai tambayar wanda allura ta huda wa yatsu. Kawu ne mai zane, ni ne mai allura, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Kawu ba mugu ba ne, rowar yabo ce kawai ta yi masa yawa. Duk ranar da na yi masa maganar zane, sai ya ce in bari hannuna ya nuna tukuna, sai ka ce dabino. Ga ni na haura shekara ashirin, gemu ya tsiro, amma alƙalamin nan da ke cikin gafakarsa ya fi ƙarfina.

Wannan a shekarun da suka gabaci yaƙin Nasara na biyu ne. A lokacin ne wani abokina na ƙuruciya ya dawo daga aikin soja, bayan ya yi shekara uku can bakin teku. Ya dawo da jar hula, da tsohuwar ƙwallo da yake kira balo, da baki wanda ba ya gajiya. Soja muke ce masa. Shi ya ba ni labarin cewa a can kowace unguwa tana da 'yan wasanta, kowanne ɓangare da launin rigarsa, da wata alama a ƙirji wadda in ka zage ta sai an yi dambe.

Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gidansu, baduku yana yi wa ƙwallon faci na goma sha wani abu, sai Soja ya ce ai da kakanninmu sun san balo, da ƙasarmu ta Muniyo da Damagaram ba su ɓata lokacinsu wajen kai wa juna hari ba. Da sarki sai ya aika wa sarki cewa ranar kaza a fito fili, wanda aka ci ya ba da kanwa da gero. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Kafin magariba mun gama shirya wata duniya tamu, wadda Nasara bai taɓa shigowa cikinta ba, ƙwallo kuma a nan ƙasarmu aka haife ta. Muka sa garuruwa biyar suna karawa duk bayan girbi: Gure, Gidigir, Bune, Alakos da Damagaram.

Soja ya ɗauki aikin tarihi. Ya san shekarar da Gidigir ta ci kowa saboda gero ya yi albarka 'yan wasanta sun ƙoshi, ya san shekarar da mutanen Alakos suka zo a makare don raƙumansu sun ɓace a hanya. Yana faɗa yana rantsuwa, har yakan manta cewa jiya ba haka ya faɗa ba. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: a tarihin nan namu Damagaram ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya ba. Mun daɗe muna jin haushin yadda fatakensu suke kallonmu kamar ƙauyawa, to ga inda muka rama.

Ni kuwa na ɗauki riguna da alamomi, a nan ne na samu abin da nake nema. Takarda tana da wuya a lokacin, sai na riƙa roƙon takardun da ake naɗe kan sukari da su a wurin masu kanti, in warware su, in yi zane a bayansu. Soja ya so a sa zaki da damisa kamar yadda ya gani a can. Na ƙi, domin duk wanda ya tashi a zaure irin na kawu ya san ba a zana abu mai rai a kan tufar da za a yi salla da ita. Sai na ba Gure duwatsunta uku, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Gidigir na ba ta zangarniyar gero biyu a giciye. Alakos na ɗauko mata irin shaidar da makiyaya suke yi wa raƙuma da wuta a wuya, na lanƙwasa ta. Damagaram na zana mata ƙofar ganuwa, a rufe, Soja ya ce daidai ke nan tunda kullum a gida suke ɓuya. Ta Bune ce ta fi ba ni wahala. Kwana shida ina juya ta, daga ƙarshe na yi bakin rijiya kewayayye, igiyar guga ta zagaye shi sau uku ta ƙulle kanta a ƙasa, ba a ganin inda ta fara balle inda ta ƙare. Da na gama ta na daɗe ina kallo, na san na yi abu. Sai dai ba wanda zan nuna wa in ban da Soja, shi kuwa ko kaza ta yi tonon ƙasa zai ce ya yi kyau.

Da damina ta kankama, sai kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya aiko cewa a ranar bikinsu na shekara yana son a buga ƙwallo tsakanin mutanen bariki da mutanen gari. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, shi zai hura usur. Soja ya bi gari ya tattaro mutum takwas, shi ne na tara, cikinsu har da baƙi mazauna kasuwa: wani mahauci ɗan Gidigir, wani dogon Buzu daga Alakos, da wani ƙaton saurayi ɗan Bune mai dillancin awaki, wanda aka ba tsaron gida saboda faɗinsa. Mutanen bariki za su sa fararen riguna na akoko. Mu kuwa Soja ya ce ba za mu fita kamar 'yan gudun hijira ba, sai ya dube ni. Abin nema ya samu.

Kowa ya kawo tsohuwar taguwarsa. Na kai su marina aka tsoma su a baba har suka yi baƙi wuluk. Da na tsaya a nan da ba a sami labarin da zan ba ku ba. Amma ranar biki ce, kuma a garinmu ba a fita biki da rini maras ƙyalli. Sai na wuce da su wurin masu bugu, na ce a zuba musu shuni kada a ji tausayi, a buge su har su riƙa ɗaukar ido. Kowa ya san shuni yana zuba a jiki, ai shi ne ma abin alfaharin, a ga wuyan mutum ya yi shuɗi a san ba ƙaramar riga ya sa ba. Abin da ban tuna ba shi ne, mai irin wannan riga zama yake yi a inuwa ana gaishe shi. Ba ya gudu, ba ya kokawa da kowa.

Tawada ba ta fita a kan baƙin yadi, don haka da alli na yi zanen, na bi shi da farin zare. Na so in sa wa kowa duwatsun Gure, amma baƙin nan da suka ji garuruwansu ma suna da alama, kowa ya kafe sai tasa. Mahaucin ya ce shi ba zai ɗauki dutse a ƙirji ba alhali ga gero. Haka muka fita, ɓangare ɗaya da alama huɗu. Aikin a zauren su Soja na yi shi, a lokacin hutun rana, ban gaya wa kawu ba. Ya ga yatsuna sun yi shuɗi har farce, ya dube su, ya dube ni, ya ci gaba da zanensa.

Ranar wasa gari ya fito kaf. An yi ruwa da asuba, rana ta buɗe da zafi mai ɗanko. Da mutanenmu suka shigo fili rigunansu suna walƙiya, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse ni. Na hango kawu can gefe a kan buzunsa, wai ya zo ne don kada a ce bai amsa kiran kumandan ba.

Ba a daɗe da farawa ba gumi ya karyo. Da farko wuyan mutanenmu ne ya yi shuɗi, sai hannuwa, sai fuska, domin kowa da gefen taguwarsa yake share gumi. Su kuma ba su san ƙwallo ba sai kokawa, duk wanda ya zo wucewa sai a rungume shi. Kowace runguma sai ta bar shaida. Fararen rigunan bariki suka fara yin dabbare-dabbare, tafin hannu a baya, tafin hannu a kafaɗa, har suka rine. Farin zarena da na sha wahala a kansa ya sha gumi da shuni ya dushe. Kafin a je hutu mutum goma sha takwas ne a fili, dukkansu launi ɗaya, ga caɓi ya ƙara nasa.

Daga nan wasa ya zama na Allah ya ba mai rabo. Mahauci ya miƙa wa wani mai gadin bariki ƙwallo da ladabi, yana tsammanin Soja ne. Buzun Alakos ya kwashe ta da gudu, ba wanda ya iya tare shi, ya zuba ta a gidanmu, ya juyo yana murna. Ɗan Bune ya bi shi da gudu, sai da aka raba. Mushe ya yi ta hura usur har ya gaji, ya zauna a kan turmi. Da aka tashi ba wanda ya san wa ya ci, kowanne ɓangare ya ce shi ne. Kumandan ya taso cikin fararen kayansa masu guga don ya gaisa da 'yan wasa, mai tsaron gidanmu kuwa, don ya nuna tarbiyya, ya kama hannunsa da hannu biyu har ya dafa masa hannun riga. Ban tsaya ganin sauran ba.

Gari ya samu abin dariya na wata guda. Yara suna bina suna tambaya ko akwai sauran shuni. Ni ba dariyar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, sau ɗaya tak zanena ya fita bainar jama'a, kuma a gaban kawu ya zama abin wasa. Na ce shi ke nan, ni da alƙalami sai dai in gan shi a hannun wani. Kawu kuwa ya ci gaba da miƙo mini ɗinki kamar ba abin da ya faru.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga wani dattijo ɗan Bune, mai fataucin shanu, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo wa kawu ɗinki. Suka gaisa da Manganci, yaren ƙasarmu, suka koma Hausa. Ya ajiye farin yadi mai kyau, sannan ya zaro wani tsumma daga jakarsa ya shimfiɗa a tabarma. Taguwar mai tsaron gida ce, ashe ɗan ƙanensa ne. An wanke ta har shunin ya fita, rijiyar da igiyarta sun dawo fili.

"Malam, an ce wannan ita ce alamar garinmu," in ji shi. "Ni ban san muna da ita ba, amma duk wanda ya gani a Bune ya ce tamu ce. Ita nake so a ƙirjin rigata, kusa da aska."

Kawu ya ɗauki taguwar ya kai ta kusa da ido. Ya bi igiyar da ɗan yatsa, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, yana neman inda ta fara. Ya juya ta ciki ya duba bayan ɗinkin. Ni dai na sunkuyar da kai a kan allurata, na soka ta wuri ɗaya ya fi sau biyar. Na san kawu, ba zanen da zai kalla sau biyu ya kasa kwaikwayonsa. Da ya ce to, a dawo bayan wata biyu, ba wanda zai ce masa don me, rigar kuma ta fita da sunansa kamar sauran.

Sai ya ajiye taguwar ya ce, "Wannan zane ba nawa ba ne. Ga mai shi can."

Dattijon ya waiwayo ya dube ni, ya sake duban kawu, ya tambaya ko yaron zai iya.

"In bai iya ba, ni ma ban iya ba, don ni na koya masa," in ji kawu. "Taso, kai. Kada ka sa baƙo jira."

Ya matsa gefe ya bar mini tsakiyar tabarma, inda haske yake faɗowa daga ƙofa. Na shimfiɗa yadin a cinya, na tsoma alƙalami. Layin farko da na ja ya karkace, ni na gani, na kuma san ba abin da yake wuce idon kawu. Na ɗago a tsorace ina jiran faɗa. Sai na tarar ya juya mana baya gaba ɗaya, ya fuskanci titi, yana ta jan dattijon da hirar farashin shanu, shi da bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba. Bai juyo ba sai da ya ji na ajiye alƙalamin.