Ranar da Koci Ta Ƙi Kama Mini Hannu

Biro ya sake suɓuce mini. Tun da ɓarin jikina ya shanye ban rubuta sunana ba.

Ayishetu, tsohuwar ɗalibata a Zogbeli, wadda yanzu wai kocin ƙwallo ce, ta harɗe hannu tana kallona. Ni da na yi shekara talatin ina cin ƙurar alli, na ɗauka koci malami ne marar takarda.

"Kama mini hannun mana!"

"Masta, malami ke kama hannu. Koci bakin fili yake tsayawa, ƙwallo na ƙafarka. Wane yatsa ne ke motsi?"

Babban ne. Na danne biron da shi, na rubuta Issahaku. A karkace, amma da hannuna.

Ikon Allah! Ku wa ya taɓa ƙin kama muku hannu har kuka tashi?