Sammacin da Na Kai Gidan Makoki

Akwai wata safiyar Litinin da har yau ba ta fita raina ba. Shekarun farko ne na samun mulkin kai, ina ma'aikacin kai sammaci a gidan shari'a na Maraɗi. Na iso na tarar da wani dattijo tsugune bakin ofishinmu, ya riƙe takardar hukunci a juye don bai iya karatun boko ba. Ina ganinsa na gane shi. Malam Nomau ne na Tsibiri, kuma na san abin da ya kawo shi.

Surukinsa Idi, mijin ɗiyarsa, yana da ɗan kamfanin sayen gyaɗa. Da zai ci bashin wani babban attajiri, Malam Nomau ya tsaya masa, ya dangwala hannu. Kamfanin ya karye, attajiri ya yi ƙarar Malam Nomau da ya tsaya masa. A ƙa'ida, in an kai wa mutum sammaci bai zo ba, sai a yanke hukunci a bayan idonsa. Haka aka yi, har aka ce a sayar da gidansa.

Ni aka ba sammacin nan. Na taka keke har Tsibiri, aka ce yana Jiratawa, ƙanensa ya rasu. Na bi shi can na iske shi kan tabarma, jama'a na ta gaisuwa. To, ku faɗa mini, da wane ido zan zaro takardar ƙara a zaman makoki? Na durƙusa na yi ta'aziyya, na tashi. A waje na ga Idi, ya ce in ba shi takardar, shi zai miƙa bayan addu'ar bakwai, na kuwa ba shi. Ni kuma don wauta na manta cewa suruki ko haɗa ido ba ya yi da uban matarsa, balle ya miƙa masa takardar bashin da shi ya jawo. Na komo na rubuta cewa na ba mai ita hannu da hannu.

Magatakarda ya yi wa dattijon bayani: doka ta ba shi 'yan kwanaki ya nemi a soke hukuncin, saura biyu, kuma sai ya nuna sammaci bai same shi ba. Ga littafi kuwa ya ce ya same shi, da sa hannuna.

"Wallahi ban ga takarda ba," in ji dattijon. "Ɗiyana goma sha ɗaya cikin gidan ga, ina ni ka kai su?"

Yinin nan na kasa zama wuri ɗaya. In na yi shiru gidansa ya tafi, in na yi magana aikina na iya tafiya. Sau uku ina zuwa ƙofar alƙali ina juyowa, har masinja ya tambaye ni ko cikina ke ciwo. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Da la'asar dai na shiga na faɗi komai.

Alƙali ya cire tabarau ya kira sunana. "Sanda, kunya aka aike ka ka kai, ko takarda?"

Aka soke hukuncin, aka sa sabuwar ranar shari'a, inda daga baya suka daidaita kan biya kaka-kaka. Ni aka dakatar da ni wata guda ba albashi, amma sai da na kai sabon sammacin tukuna.

Malam Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Da ka ba ni ran nan, ɗana. Wanda ya rasu ya samu makwancinsa. Ni mai rai ni ke bukatar gida."

Tun daga nan, ko a makoki ko a biki, nakan jira mutum ya tashi, in ja shi gefe in sa masa takardarsa a hannu. An zage ni a kan haka ba sau ɗaya ba, amma ban ƙara rubuta abin da ban yi ba.