Lawal Tafinta da Ƙanƙarar Farko

Duk wanda ya taɓa kawo majinyaci Alƙahira daga Najeriya, da wuya a ce bai san Lawal Tafinta ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefen kunne, wanda ke tsayawa bakin ƙofar fitowa ta filin jirgi da 'yar jaka a hammata. Mutumin Funtuwa ne. Karatu ya kawo shi Masar yana saurayi, karatun ya tsaya a hanya, shi kuma bai koma gida ba. Ya yi aure, ya kama haya a unguwar Hayyus Sabi'i, ya mai da Larabcinsa sana'a. Ya kai ka wurin likita, ya faɗa wa likita ciwonka, ya juyo ya faɗa maka abin da likita ya ce, in da hali ya rage masa ɗaci.

A asibiti ba a ja da shi. In majinyaci yake nema wa shiga, kutsawa yake yi da kafaɗa har gaban taga. “Ya ustaza, dattijuwar nan tun safe take zaune, ku ji tsoron Allah!” Sai an duba ta yake yin shiru.

Amma in layin nasa ne shi kaɗai, ko na burodi ne, da ya hango wanda ya girme shi sai ya ja da baya ya miƙa hannu. “Itfaddal,” wato bismillah, wuce. Haka aka rene shi. Yana ƙarami mahaifinsa ya taɓa shauɗa masa kara a ƙwauri don ya sha gaban baffansa a hanyar gona. Lawal ya daɗe da manta zafin, amma ƙafarsa ba ta manta ba.

Matarsa Batulu takan ce, “Baban Imran, kai ko ƙofar Aljanna aka buɗe, tsayawa za ka yi kana itfaddal, itfaddal, har a rufe a bar ka waje.”

Ƙanƙara kuwa aiki ne ya kai shi gare ta. Wasu Kanawa da aka sallami mahaifinsu suka ce kafin su koma sai sun ga ɗakin dusar ƙanƙarar nan da ke cikin wani katafaren kanti a unguwar Sitta Oktoba. Ya raka su. Suna ta ɗaukar hoto cikin rigunan aro, shi kuma ya ɗaga kai ya kalli gangaren ƙanƙarar da aka gina a ciki. Wata mata ce ke saukowa a kan dogon allo siriri, ƙafafunta biyu ɗaure a kai cikin takalma masu tauri kamar ƙwarya. Ta kwanto gefe har hannunta ya kusa shafar ƙasa, ta miƙe, ta kwanta ɗaya gefen. Babu ƙara, babu feshi. Abin da ta bari a baya layi ne guda, lanƙwasasshe, siriri kamar an ja reza. Lawal ya tsaya yana kallo har hancinsa ya daina jin sanyi.

Sunanta Kaftin Rania. Tana koyar da ƙungiya duk ranar Talata da safe, kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Lawal ya shiga.

“Tsaya in fahimta,” in ji Batulu, ta ajiye ludayi. “Ka tashi daga nan, jirgin metro kan ƙaramar bas, har Oktoba, don ka shiga firiji ka faɗi? Ga namu nan a kicin. In kwashe maka kifin?”

“Ba ki gani ba ne, Batulu.”

“Na gode Allah da ban gani ba. Mutum da furfurarsa!”

'Yan ƙungiyar yawanci samarin Misirawa ne masu aikin ofis. Sai Tarig, Bahaushen Sudan mai kantin magani a Dokki, wanda ba ya iya rufe baki ko yana faɗuwa. Sai kuma Hajj Abdulbasit, tsohon injiniya mai farin gemu, wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi kuma ya zaɓi wannan.

Tun ranar farko Rania ta raba musu abu biyu. Akwai shara, akwai yanka. Shara ita ce allo ya tafi a karkace yana kwasar ƙanƙara kamar tsintsiya, kuma kowa na iya wannan. Yanka kuwa sai ka tsayar da allon a kan kaifinsa, ka yarda da shi, wutsiyar allon ta bi daidai inda hancinsa ya bi. “Ni ba ku nake kallo ba,” ta ce musu. “Sahunku nake kallo.”

Ga inda matsalar Lawal take. Sau ɗaya mota ke bi ta gyara gangaren kowace safiya, ta bar shi sumul kamar an taje shi da kum. Gangaren gajere ne, ga ƙunci. Da mutane kaɗan sun sauko, shi ke nan, ya zama tudu da kwari. Wanda ya fara sauka shi ke samun ƙanƙarar da ke riƙe sahu. Lawal kuwa bai taɓa farawa ba. In sun hau sama sai ya matsa wa Hajj Abdulbasit. In ya matsa masa, samari su bi ta gefensa ɗaya bayan ɗaya suna “shukran ya ammu”, wato mun gode baffa, shi kuma ya ga ai ba ya kokawar layi da 'ya'yan cikinsa.

“Ya zol, ba walima muka zo ba,” Tarig ya ce masa, da kiran da 'yan Sudan ke yi wa mutum. “Babu wanda zai ce ka cinye naman manya. Sauka!”

“Kai dai je ka. Ina nan tafe.”

“Kana nan tafe tun bara.”

Saboda haka a kan ragowar ƙanƙara ya koya. Ya faɗi ta gaba, ya faɗi ta baya. Akwai makon da a zaune ya yi salla saboda ƙugu, Batulu tana gasa masa da ruwan zafi tana tambayarsa ko firijin ya aiko a gaishe shi. Bai fasa ba. A cikin metro ma sai ya saki ƙarfen riƙewa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, in jirgin ya sha kwana ya danna dunduniya ko yatsu. A ƙwaurinsa takalman suka bar tabo baƙi. Can wajen tsakiyar hunturu ya fara jin wani abu sabo. Wani lokaci, a tsakiyar kwana, ƙarar da ke ƙarƙashin ƙafarsa takan ɗauke, allon ya kama shi ya juya da shi da kansa. In ya waiwaya don ya ga sahun, ba ya iya bambanta nasa da na kowa.

Sai Rania ta tara su wata Talata ta ce tana da magana. Ta samu aiki a duwatsun Lubnan, can za ta koma, allunan kuma nata ne, da su za ta tafi. Ajin zai ƙare. Amma kafin ta kama aiki za ta tafi da wasu daga cikinsu su yi mako guda a kan dutse na gaske, inda mutum zai yi ta yanka har cinyarsa ta yi wuta bai ga bango ba. Gangaren can akwai tsayi, ba za ta kai mai shara ba. Talata mai zuwa kowa zai sauka sau ɗaya, ita tana ƙasa, sahu ne zai yanke hukunci.

Lawal ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Rabin rayuwarsa a filin jirgi ya yi ta, yana tarbar wasu yana raka wasu. Bai taɓa hawa jirgi zuwa wani wuri don kawai ransa na so ba. Bai faɗa wa Batulu haka ba, amma ta gani. Washegari ta dawo daga kasuwar Abbasiya ta jefa masa leda a cinya. Safa ce mai kauri, ta ulu.

“Kada ka je ka kunyata mu a ƙasar mutane da yatsu a daskare,” ta ce, ba ta kalle shi ba.

Ranar Talata Rania ta jera su da bakinta. Masu siririn sahu a gaba, don su bar wa na baya wuri, masu shara a ƙarshe. Hajj Abdulbasit ne na ƙarshen ƙarshe. Ta dubi Lawal.

“Kai ne farko, ya Lawal. Da gangan na yi. Ina zaton kana yanka, amma ban taɓa gani da idona ba. Yau ka nuna mini. Tamam? Ka yarda?”

“Tamam, ya Kaftin.”

Ta sauka ta gefen bango don kada ta taɓa tsakiya. Lawal ya ɗaure ƙafafunsa ya tsaya a bakin gangaren. Bai taɓa ganinsa haka ba daga nan, fari fat, ko tabo babu, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilu. Can ƙasa Rania ta ɗaga hannu.

A lokacin ne ya ji numfashi a gefensa. Hajj Abdulbasit ne. Bai ji jerin da aka yi ba, ko ya ji ya manta. Ya lallaɓo ya tsaya inda ya saba tsayawa kowace Talata, yana tari, yana murza gwiwa.

“Sabahul khair, ya ibni,” ya ce, wato barka da safiya, ɗana.

Bai roƙi komai ba. Lawal ma bai yi shawara da kansa ba. Allonsa ya ja baya, hannunsa ya miƙe, bakinsa ya buɗe.

“Itfaddal, ya Hajj.”

Muryar Rania ta taso daga ƙasa, “La'! La'!” wato a'a, amma tsohon ya riga ya tafi. Ya sauka yadda ya iya, allo a gicciye, daga wannan bango zuwa wancan, yana tura ƙanƙara a gabansa kamar mai kwasar hatsi a masussuka. Samarin da suka ga abin da ke faruwa ba su jira jeri ba, kowa ya faɗa yana neman ɗan wurin da ya rage.

Tarig ya damƙi hannunsa. “Yalla, ya zol! Yanzu! Ga gefen dama bai lalace ba!”

Lawal ya kasa motsi. Kunya ta riƙe shi, da wani abu mai kama da gajiya. Tarig ya yi tsaki ya tafi, ya ci gefen daman.

Da ya rage shi kaɗai sai ya sauka. Kuma ya yanka. Ya san ya yanka. Ƙarar ta ɗauke tun kwanar farko, allon ya kama, ya kwanta har safar hannunsa ta shafi sanyi, ya juya ɗaya gefen ba tare da wutsiya ta zame ba. Bai taɓa yi kamar haka ba. Da ya tsaya a gaban Rania ya waiwaya yana haki. Babu komai. Tudun ƙanƙara ya zube ya rufe inda ya bi.

“Kaftin, kin gani ai.”

“Na ga jikinka. Sahun fa?”

“A bar ni in sake.”

“A kan me? Mota ba za ta dawo ba sai gobe, gobe kuma allunan suna cikin akwati.” Ta cire gilashinta. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. “Ko da na yarda da ƙafarka, ya Lawal, a kan dutse in lokacin tafiyarka ya yi tafiya ake yi. In ka tsaya ba wani hanya a tsakiyar gangare, da kai da shi za a kwasa. Ma'alish, ka yi haƙuri. Khalas, an gama.”

A ɗakin canza kaya Tarig bai yi barkwanci ba. An zaɓe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Hajj Abdulbasit ne ya zo ya dafa kafaɗar Lawal, fuskarsa cike da fara'a.

“Allah ya yi maka albarka, ya ibni. Ni ai ba Lubnan za ni ba, gwiwa kawai nake motsawa. Amma wallahi tarbiyyarku ta fi ta 'ya'yanmu. Allah ya ji ƙan wanda ya rene ka.”

“Amin,” in ji Lawal, yana kwance igiyar takalmi.

Batulu na jin takunsa a matakala ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Ka faɗi?”

“Ban faɗi ba.”

“To me ya faru?”

“Hajj Abdulbasit ya sa mini albarka.”

Ya tsaya yana jiran maganar ƙofar Aljanna. Da ta faɗa da sun yi dariya, ko da ta yaƙe ce. Ba ta faɗa ba. Ta koma kicin ta zubo masa abinci, ta ajiye a gabansa, ta zauna nesa tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Ɗakin ƙanƙarar yana nan, ana ba da aron gajerun alluna masu laushi ga duk mai son shara. Lawal bai koma ba. Tarig ya turo masa hotuna daga kan dutse, bai buɗe ba. Safar ulun kuwa yana sa ta in sanyi ya shigo, ya tafi asibiti da ita a cikin takalmin aiki. Ma'aikatan da suka san shi da daɗewa suna cewa Lawal ya canza, yanzu in yana nema wa majinyaci shiga har taga yake bugawa da tafin hannu, kamar shi aka hana.