Ƙofar da Habu Faiba Bai Gama Ba

Da safen nan labarin ya same ni, hannuna dumu-dumu da gam, da ƙyar na iya ɗaga wayar. Habu Faiba ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu bakina bai saba da faɗin haka a kansa ba.

Ya dawo daga sallar Asuba ya ce wa iyalinsa ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a samo adaidaita a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na yanka Habibu amma Habu ake kiransa, a Kura rumfarsa take. Shi ne mai yi wa manyan motoci gidan sifika a jikin ƙofa da faiba, wato zaren gilashin nan da ake daskarar da shi da gam. Sana'ata ke nan ni ma, rumfata tana hanyar Bunkure. Wurin maigida ɗaya muka koya a Kano, kuma ni na riga shi shiga. Ni na nuna masa yadda ake riƙe burushi. Wannan ban taɓa bari ya manta ba, ni ma ban manta ba.

Wanda ya kira ni Ɗan'azumi ne, direban da ke jigilar tumatir zuwa Kudu. Tsohon kwastomana ne, bara ya tattara ya koma wurin Habu. Yana kuka yake gaya mini. Da ya ɗan natsu sai ya ce, “Ga motata can gaban rumfarsa, Sabi'u. Ya gama ƙofar direba, ɗayar tana nan a kwance.”

Tun a lokacin na san a kaina ƙofar nan za ta ƙare.

Ba zan yi muku ƙarya a ranar mutuwa ba: ina kishin Habu. Ba yau na fara ba, kuma ba sirri ba ne, duk 'yan gareji sun sani. Shi kansa ya sani. In ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga hannu ya ce, “Ga babban masoyina nan, mai zagina da safe ya ci tuwona da rana.”

Aikin iri ɗaya muke yi fa. Ka cire murfin ƙofa, ka yanka zoben katako daidai bakin sifika, ka kafa shi, ka ja tsohon bargo a kai ya ɗame. Ka shafa gam, ka jera faiba, ka jira ya daskare, sannan ka bi da samfefa har hannunka ya mutu. Wurin mutum ɗaya muke sayen kaya. Amma mota ta fito daga rumfarsa a tsaya ana kallo, ta fito daga tawa a ce, “Allah ya sa albarka,” a wuce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake ɓata lokaci. Habu ba ya kafa zobe sai ya zaunar da direba a kujerarsa, ya ce ya zauna yadda yake zama in ya gaji, gwiwar hannu a taga. Sai ya riƙe sifika yana juya ta a hankali, yana tambaya, “Nan? Ko nan?” Kuma ba da kiɗa yake gwaji ba, karatun Alƙur'ani yake sakawa. Cewa yake in muryar mai karatu ta fita tas, kiɗa ba shi da wahala. In ya gama, sai an yi wa motar lodi an bi hanyar kanal mai gargada da ita, yana zaune a ciki yana sauraron ko wani abu zai yi kwaramniya.

Ni kuwa in na ƙure kiɗa mai bes gilashi ya girgiza, shi ke nan, a kawo ta gaba. Na sha yi masa dariya a gaban mutane, ina cewa Habu ya mayar da gareji makarantar allo.

Direbobin suka riƙa bin makarantar allon ɗaya bayan ɗaya.

Ga shi da kirki, wanda shi ma wani abin haushin ne. Da mugu ne da na huta, in yi kishina hankali kwance.

Akwai lokacin da zafi ya sa gam ɗina ya daskare a cikin gwangwani kafin in kai rabin ƙofa, ga mai mota tsaye a kaina yana huci. Ban kira shi ba, ban san wa ya gaya masa ba. Sai ga shi a babur da nasa galan ɗin. Ya tsuguna ya kwaɓa mini, ya ce wa mai motar, “Yi haƙuri Alhaji, rana ce, ba maigidana ba.” Maigidana ya ce, a gaban mutumin. Ya hau babur ya tafi ko ruwa bai sha ba.

In aiki ya yi masa yawa lokacin kwasar tumatir, wurina yake turo mutane. In karɓa in yi godiya, in kwana ina cizon yatsa wai ragowar Habu nake ci.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ce, wurin mai shayin bakin tasha. Ina ta sosa hannu saboda ƙaiƙayin faiba. Ya kalle ni ya ce, “Har yau da ruwan zafi kake wanka bayan samfefa? Na sanyi, mutumina, na sanyi.” Ya zaro sabon takunkumi daga aljihu ya tura mini, wai ƙurar nan ba ta da kirki.

Sai ya fara tsokana. “Na ji motar da ka sallama jiya. Tana wucewa kajin unguwarmu suka watse.”

Na ce ai gara tawa, ana jin ta. Ya yi dariya har yana buga benci. Sannan ya sassauta murya ya ce, “Wallahi Sabi'u fentinka ya fi nawa, hannunka ma ya fi nawa sauri. Haƙurin saurare ne kawai Allah bai ba ka ba.”

Ya biya kuɗin shayin ya tafi. Ban ma amsa sallamarsa da kyau ba, ina can ina neman amsar da zan rama da ita in mun sake haɗuwa. Na samo ta kuwa. Tana nan a bakina, ba wanda zan faɗa wa.

Ɗazu muka dawo daga jana'iza. Manyan motoci sun yi layi a bakin titi kamar ranar kasuwa, daga Bunkure, daga Garun Mallam, har da waɗanda suka bar kwanduna a gona suka taho. Ina cikin sahu, hawaye na zuba, amma idona yana gane motocin da a da ni nake yi musu aiki. Har na tambayi kaina, ni ranar tawa mota nawa za ta tsaya? Astagfirullah. Ko a makara sai da Habu ya sa na ji ƙyashi.

Bayan an watse Ɗan'azumi ya ja hannuna zuwa rumfar. Ya ba ni haƙuri, ya ce ya san ba ranar wannan magana ba ce, amma tumatir ba ya jira, kuma ba zai kama hanyar Kudu da ƙofa tsirara ba.

Na hau na zauna a kujerar direba, ya kunna karatu. Sifika ɗaya ce rak take aiki, amma sai ka rantse mai karatun yana zaune a gefenka. Na shafa faibar, santsi ko'ina, ko ƙurji babu. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka, kuma Allah kaɗai ya san nawa ne na rashi, nawa ne na haushin ban taɓa yin irinta ba.

Na duba ɗaya ƙofar. Zoben katakon yana ajiye a ƙasa, bai ma kafa shi ba. Kuma ba yadda za a yi in kwafi wadda ya gama, don Habu ba ya yin ƙofofi biyu iri ɗaya. Sifikar can sai muryarta ta tsallako faɗin mota ta samu kunnen direba, karkatarta daban ce. Mai wuyar ya bar mini.

Ɗan'azumi ya dafa kafaɗata ya ce, “Abu ɗaya nake roƙo, Sabi'u. Ina so duk wanda ya shiga motar nan ya ce aikin Habu ne na ƙarshe.”

Kun ji fa. In ta yi kyau, ta Habu ce. In ta ɓaci, daga Kura har Legas za a riƙa nuna ta da yatsa ana cewa ga ta Sabi'u. Ta kowace hanya sunana ba zai fita da daɗi ba, ni da na shekara da shekaru ina jiran ranar da za a ajiye aikina kusa da nasa.

Na sauko daga kujerar. Sannan na ce masa ya kawo motar gobe da safe.

Allah ya jiƙan Habibu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya 'ya'yan da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.

Ni ma ku sa ni a ciki. Allah ya ba ni ikon yin ƙofar nan yadda ba wanda zai taɓa tambayar wa ya yi ta.